Sun ce kyauta ce, maigidana ya ce ruwa ne

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Maradi ce, shekarata 36, ina zaune a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ni da maigidana da 'ya'yanmu uku. Bana shekararmu tara a nan, duk a gidan haya mai ɗaki biyu, kuma hayar ta kai dala 1,450 a wata. Ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, shi kuma yana tuƙi. Dukanmu muna da katin zama na dindindin. Babbar 'yarmu ta cika 12, har yanzu ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta maza biyu, autan yana da shekara 4.

Na tara dala 11,000, dubu shida daga ciki na adashi ne. Wata dillaliyar gidaje ta ce min jiha tana ba masu sayen gida karon farko dala 15,000 kyauta, kuma in ban yi sauri ba kuɗin za su ƙare. Ta nuna min wani gida mai ɗaki uku na dala 220,000, har da fili a baya, tun ranar ban ƙara barci mai kyau ba. Da na kai wa Baban yara maganar sai ya ce shi ba zai kwana a gidan da aka saya da kuɗin ruwa ba. Ya ce kuma ginin da yake yi wa Hajiyarsa a Maradi ya tsaya a linta, ba zai ɗauki wani nauyi ba sai ya rufa shi. Kullum maganarsa nan da shekara biyar za mu koma gida, amma tun zuwanmu yake faɗin haka. Wata ƙawata ta ce in saya da sunana ni kaɗai, kar ma in ambaci abin da yake samu a takardu, in ya ga makulli a hannuna zai haƙura. Anti, na gaji da zuba wa mai gidan haya gumina, kuma ba na so in saɓa wa mijina. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da na fi tsayawa shi ne ɗakin yaran nan. Macen da ta kwana tana juya tsofaffi a gado, tana canza musu shimfiɗa, ta dawo da asuba ta tarar da budurwar 'yarta tana neman lungun da za ta sa kayan makaranta ba tare da ƙannenta sun gani ba, in ta yi sha'awar gida mai ɗaki uku babu wanda zai ce ta yi kwaɗayi. Buƙatarki ta gaskiya ce, kuma dala 11,000 da kika tara daga albashin dare shaida ce cewa ke mai tattali ce. Ina so ki riƙe wannan a ranki, domin zan gaya miki wasu abubuwa da ba za su yi miki daɗi ba, kuma ba don in kashe miki gwiwa zan faɗe su ba.

Bari mu fara da kuɗin nan da aka ce miki kyauta ne. Shirin da dillaliyar take nufi shi ne NC 1st Home Advantage, na hukumar samar da kuɗin gidaje ta jiharku. Shiri ne na gaske, dala 15,000 ne kamar yadda ta faɗa, kuma ya taimaki iyalai irin naku. Sai dai a takarda bashi ne na biyu da ake ɗaura wa gidan, bayan babban bashin banki da za ku sayi gidan da shi. Ba ruwa a kansa, ba kuma za ki riƙa biyan komai duk wata ba, amma yana nan a wuyan gidan. Shekara 10 na farko ba a yafe ko sisi. Daga ƙarshen shekara ta 11 ake fara yafe kashi 20 cikin 100 duk shekara, wato dala 3,000, sai a ƙarshen shekara ta 15 ya zama naki gaba ɗaya. In kuka sayar da gidan a shekara ta takwas, dala 15,000 za a cire cif daga kuɗin ciniki. In kuka sayar bayan shekara ta 12, saura 9,000 ake binku. Haka nan in kuka sake lalen bashin gidan da wani banki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin wannan tallafi kuwa shi ne zama. Jiha tana sayen alƙawarinku ne cewa za ku zauna a gidan, ku yi rayuwa a cikinsa. Ki lissafa, ranar da za a yafe dalar ƙarshe autanki mai shekara 4 ya zama saurayi ɗan 19.

Shi ya sa nake ganin rigimarku ba ta kuɗi ce zalla ba. Ke kina maganar shekara 15 a Greensboro, maigidanki yana maganar shekara biyar a koma Maradi, kuma har yau ba ku zauna kun kalli juna kun tambayi kanku a ina za ku tsufa ba. Gidan nan ne ya tono tambayar da kuka shekara tara kuna zagaye ta. Zan dawo kan wannan, bari in ƙarasa miki lissafi.

Gidan dala 220,000 ne. In da bashin FHA za ku saya, wato wanda gwamnatin tarayya take tsaya wa, kafin alƙalami kashi 3.5 ne cikin 100, dala 7,700 ke nan. Bayan shi akwai kuɗin ranar sa hannu, na lauya, na ƙiyasta darajar gida, na binciken takardun mallaka, inshorar shekarar farko, da harajin da ake karɓa tun kafin lokacinsa, waɗanda galibi sukan kama tsakanin kashi 2 zuwa 5 na farashin. A ce dala 7,000. Kin ga 15,000 ɗin sun tafi tun ba ki sayi labule ba. Ƙofa kawai tallafin yake buɗewa. Abin da zai bi ku wata-wata shi ne babban bashin. A ce an ba ku shi a kan ruwa kashi 6.5 na shekara 30, biyan wata zai kai wajen dala 1,365, ga inshorar bashin da FHA take ɗorawa kusan dala 100, ga harajin gida da inshorar gobara da iska. Ki sa a ranki za ku doshi dala 1,800, wato ƙarin kusan 350 a kan hayarku ta yanzu. Kuma daga ranar da kika karɓi makulli babu sauran mai gidan haya da za ki buga wa waya. In na'urar sanyaya gida ta mutu a tsakiyar Yuli, ko rufi ya fara yoyo, ko tukunyar ruwan zafi ta fashe, daga aljihunku za su fito, wasu kuwa dubban daloli suke ci. Saboda haka dala 11,000 ɗinki kar ki ɗauke su duka a matsayin kuɗin sayen gida. Aƙalla rabinsu ya kamata su kwana a banki bayan kun tare.

Ba na cewa lissafin ya fi ƙarfinku. Yana yiwuwa ku iya, kuma duk wata wani ɓangare na abin da kuke biya yana zama naku, abin da haya ba za ta taɓa yi muku ba. Cewa nake lissafi ne na albashi biyu da zuciya biyu. Albashinki kaɗai, da aikin dare da zai iya kayar da ke ciwon baya na wata guda, ba zan so in ga ya ɗauki wannan kaya shi kaɗai ba.

Ita dillaliyar ba na zarginta da mugunta. Amma la'adarta sai an yi ciniki take fitowa, ki riƙa auna maganarta da wannan ma'auni. Gaskiya ne wasu tallafin sukan ƙare. A Kalifoniya, cikin 2023, wani shiri na kusan dala miliyan 300 ya ƙare cikin kwana 11. Amma waya ɗaya zuwa bankin da ke aiki da hukumar jiharku ta isa ki ji halin da naku shirin yake ciki, ba sai kin dogara da bakin mai son ki sa hannu ba. Kuma akwai wata al'adar ciniki ta jiharku da nake so ki sani tun yanzu. In mai gida ya karɓi tayinki, ana ba shi wani kuɗi kai tsaye, kuɗin lokacin bincike, don ya janye gidan daga kasuwa ki samu ki duba shi. In aka yi ciniki ana lissafa miki su a cikin farashi. In kika fasa, ko don banki ya hana bashi, ko don an gano aibi, a mafi yawan lokuta sun tafi. Na san wata baiwar Allah da ta ba da dala 3,000 haka, mai duba gida ya kutsa ƙarƙashin daɓen katako da tocila, ya fito gwiwoyinsa sharkaf da laka, ya nuna mata hoton katakan da suka ruɓe har yatsa yana nutsewa a ciki. Ta fasa, kuma daidai ta yi, amma kuɗin zubin adashinta na wata shida ke nan suka salwanta. Kar ki rubuta wa kowa cek kafin banki ya ba ki takardar amincewa a rubuce, kafin kuma bakinku ya zama ɗaya da maigidanki.

Shawarar ƙawarki kuwa, ki ajiye ta inda kika ɗauko ta. Abu biyu ta haɗa miki. Sayen gida da sunanki ke kaɗai doka ba ta hana ba, mata da yawa suna yi da sanin mazajensu, musamman in kiredit ɗin matar, wato makin da bankuna suke auna tarihin biyan bashin mutum da shi, ya fi kyau. Amma ɓoye abin da aka tambaye ki a takardar neman bashi laifi ne a dokar tarayya, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 30, kuma ga mai katin zama yana iya taɓa zaman nasa kansa. Irin waɗannan shirye-shirye suna da iyakar abin da iyali za su riƙa samu, kuma da yawansu suna duba kuɗin shigar miji ko da ba sunansa a bashin. Ga takardun harajinku nan, in tare kuke cikewa, komai yana ciki. Sannan a Karolina ta Arewa aure yana ba miji haƙƙi a gidan matarsa kamar yadda yake ba mata a gidan mijinta, har ya zama gobe in kika tashi sayarwa sai da sa hannunsa. To wannan a doka ke nan. A gida kuma, ki yi tunanin mutumin da ya ce miki ba zai kwana a ƙarƙashin rufin nan ba saboda tsoron Allah, sannan ki miƙa masa makulli a gaban 'ya'yansa. In ya shiga, ya shiga da karyayyar zuciya, yana jin kin ci shi da yaƙi. In ya ƙi, kin samu ɗaki uku kin rasa wanda za ki zauna da shi a ciki. Ko wanne ne ba shi kika kwana kina nema ba.

Yanzu bari in tsaya wa maigidanki kaɗan, tunda ba ya nan balle ya yi magana. Maganar ruwa da ya kawo ba ƙaramar magana ba ce, kar ki ɗauke ta a matsayin dabarar kaucewa. Su dala 15,000 ɗin ba ruwa a kansu, amma ba a ba da su sai a haɗe da babban bashin da ke da ruwa, don haka abin da yake gudu yana nan daram. A lissafin da na yi miki ɗazu, in kuka biya har ƙarshen shekara 30, abin da zai fita daga hannunku ya ninka farashin gidan ya wuce. Malamai sun yi magana a kan wannan kuma sun saɓa. A 1999 majalisar fatawa ta Turai ta ba da sauƙi ga Musulmin da ke zaune a ƙasashen da ba na Musulmi ba, ya sayi gidan da zai zauna da iyalinsa da irin wannan bashi idan buƙata ta matsa kuma babu wata hanya. Malamai da dama, har da na nan Amurka, ba su yarda da wannan fatawa ba, suna cewa muddin akwai haya to ba a kai ga lalura ba. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke muku ba. Abin da zan ce shi ne kar ki je ki samo fatawar da ta yi miki daɗi ki kawo masa kamar takardar sammaci. Ku zaɓi malamin da shi ya yarda da iliminsa, wanda kuma ya san yadda bashin gida yake aiki a ƙasar nan, ku je tare, ku faɗi komai har da ɗakin yaran. Domin shi ma wannan addini ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a raba wa yara makwanci in sun kai goma, 'yarku kuwa ta wuce da shekara biyu. Ba don ki kayar da shi a muhawara za ki kawo wannan ba. Don ya ga cewa ke ma abin da Allah zai tambaye ku ne yake damunki.

Kuma hanya ba ɗaya ba ce. Akwai kamfanonin da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci a Amurka, irin su Guidance Residential da UIF. Tsarin da aka fi sani shi ne ku da kamfanin ku mallaki gidan tare, kuna sayen rabonsu kaɗan-kaɗan, kuna biyan kuɗin amfani da rabon da bai zama naku ba tukuna. Biyan wata ba ya bambanta sosai da na banki, kar ki sa ran araha, kuma malamai suna da ra'ayi daban-daban a kan kwantiragin kowane kamfani, sai malaminku ya duba. Tambaya ɗaya za ki yi musu tun a wayar farko, shin ana iya haɗa tsarinsu da tallafin jiha ko na birni? In suka ce a'a, sai ku auna wanne ya fi muku, dala 15,000 da za a yafe bayan shekara 15, ko kwanciyar hankalin maigidanki daga daren farko. Ni dai na san wanda zan zaɓa. Akwai kuma Habitat for Humanity, suna da reshe a garinku. Ƙungiya ce da Kiristoci suka kafa amma ba ta duba addinin mai nema, iyali sukan sa hannu da guminsu a aikin ginin, kuma tun asali an san ta da bashin da ba ruwa a kansa. Akwai jira, akwai iyakar kuɗin shiga, sai ki tambayi sharuɗɗan reshenku na yanzu. Ita ma hukumar birnin Greensboro tana da nata tallafin daban da na jiha.

Ginin Hajiya kuma, ina roƙonki kar ki taɓa bari bakinki ya sa shi a ma'auni ɗaya da gidanki, kamar kishiyoyi. Namijin da ya bar garinsu, duk wanda ya wuce ta unguwar yana ganin bulo tsaye ba rufi, damina tana duka shekara bayan shekara, ana cewa ai na ɗan Hajiya ne da ke Amurka, wannan gini mutuncinsa ne da alƙawarin da ya ɗauka wa mahaifiyarsa. In kika yaƙe shi ba za ki yi nasara ba, in ma kika yi nasara za ki biya da tsada. Abin da za ki nema shi ne a sa wa ginin lamba da rana. Ki ce masa, Baban yara, nawa ya rage mu rufa wa Hajiya? A kira magini ta bidiyo, a rubuta kwano nawa, katako nawa, siminti buhu nawa, ƙofofi da tagogi, a fitar da jimla da sefa, a mayar da ita dala. Sau da yawa irin wannan gini yana shekaru yana cin kuɗi ne don ana aikawa a gutsure, rabi ya tafi a biki da asibiti da bashin wane. In jimlar ta fito abin da za ku iya gamawa cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, to ga yarjejeniya ta samu, a rufa na Hajiya, kuɗin da ake aikawa duk wata su juyo kan namu. In zuciyarki ta ba ki, ki ce kwanon rufin daga gare ki zai fito. Ba dole ba ne, kuɗinki ne, shari'a ma ta bar miki su. Amma na ga abin da irin wannan yake yi a zuciyar namiji da ta uwarsa.

Wani abu da ya shafi ginin nan, takardar neman bashi tana tambaya ko kuna da wata kadara ta gida ko fili. Ku faɗa. Ma'anar mai saye karon farko a shirin jiharku ita ce wanda bai mallaki gidan da yake zaune a ciki ba a shekara uku da suka wuce, ku kuwa haya kuke tun zuwanku. Ku bayyana wa jami'in banki yadda abin yake, da sunan wa filin yake, shi ya gaya muku yadda za a rubuta.

Sai tambayar da na ce zan dawo mata. Ki nemi ranar da ba ki yi aikin dare ba, yara sun yi barci, ba bayan an yi faɗa ba, ba kuma da hoton gidan a waya ba. Ki tambaye shi, tsakaninsa da Allah, in ya rufe ido yana ganin ranar komawa, su wa yake gani a jirgin? 'Yarku nan da shekara shida jami'a za ta nema. Zai bar ta nan ita kaɗai ne, ko zai cire ta ya kai ta Yamai? Wataƙila ya daɗe da sanin cewa komawar ba ta kusa, amma furta hakan yana yi masa kamar ya yi wa garinsu da mahaifiyarsa sallama. Sayen gida a nan, a wurinsa, sa hannu ne a kan abin da bai shirya faɗa ba. Ki ba shi fili ya faɗa da bakinsa, kar ki faɗa masa. Wataƙila kuma da gaske yake, yana da shiri da rana da sana'ar da zai kama a can. In haka ne, to wannan tallafin bai dace da ku ba, domin za ku mayar da shi duka, ga kuɗin saye ga kuɗin sayarwa, shekara biyar sau da yawa ba ta isa a fita da riba. Kar kuma ku yi lissafin za ku zuba 'yan haya ku tafi. Irin wannan tallafi na gidan da mai shi yake zaune a ciki ne, ku karanta takardar bashin na biyu ku ga abin da ta ce in kuka tashi. A wannan hali abin da ya kamace ku shi ne hayar ɗaki uku, ko da a unguwar da ta ɗan fi nisa, kuma wannan haƙƙin 'yarku ne da bai kamata ya jira rufin Maradi ko fatawar kowa ba. Ko saye za ku yi nan da shekara, ki duba ranar da yarjejeniyar hayarku za ta ƙare, ku yi wa yarinyar nan mafita kafin nan, ko da maza biyun ne za su koma falo da katifa.

Kafin ku kai ga matsaya akwai abubuwan da za ki fara da ba sa ɗaure ki da komai, kuma ki gaya masa kina yin su. Ki nemi ofishin ba da shawara kan gidaje wanda ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta amince da shi. Ba dillalai ba ne, ba su da la'ada a kanki, galibi kyauta ne ko da ɗan kuɗi kaɗan, kuma suna da ajin masu sayen gida wanda shirye-shiryen tallafi da yawa suke neman takardar shaidarsa. Ki ja Baban yara ku je tare, ko da zai zauna a baya ya naɗe hannu, zuwa da kai ya fi aike. Ki duba kiredit ɗinki, shirin jiha yana neman maki 640 zuwa sama, kuma daga yanzu kar ki ci bashin mota ko na kujeru, kar ki tsaya wa kowa. Tunda shi tuƙi yake, in na kansa ne banki zai nemi takardun harajinsa na shekara biyu, kuma abin da ya rage bayan an cire kuɗin mai da gyara shi za su lissafa masa, ba abin da ya shigo ba.

Kuɗin adashinki ma suna buƙatar shiri. Banki yakan duba bayanan asusunki na wata biyu, in ya ga dala 6,000 sun faɗo rana ɗaya zai tambayi daga ina. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne ƙa'idojin FHA sun san da irin wannan asusun na haɗin gwiwa, suna karɓarsa in akwai shaida. Ki roƙi uwar adashi ta rubuta miki tun yaushe aka fara, nawa ake zubi, ku nawa ne, da ranar da kika kwasa, ta sa hannu. In kuɗin suna cikin akwati ƙarƙashin zannuwa, ki kai su banki tun yanzu. Zubin da ya rage miki ki riƙa yinsa ta banki don ya bar sawu, kuma ki faɗa wa jami'in cewa akwai sauran zubi a kanki. In lokacin neman bashi ya yi, ki nemi ƙiyasi a rubuce daga wurare biyu ko uku, doka ta ce su ba ki shi cikin kwana uku na aiki, ki kai wa mai ba ki shawara ku jera su ku gani, domin wani lokaci bashin da aka haɗa da tallafi ruwansa ya ɗan fi na wanda ba a haɗa ba.

Gidan da kika gani mai fili a baya wataƙila wani zai saye shi kafin ku gama duk wannan, kuma na san zai yi miki zafi. Ki yi kukanki in ya zo. Sannan ki buga wa dillaliyar ki ce mata kuna shiri ke da maigidanki, za ku neme ta in kun gama. Ki yi istihara, ki roƙe shi shi ma ya yi. In kun kira magini kun samu jimlar rufin Hajiya, kun kuma ji abin da malam ya ce, ki sake rubuto min da lambobin mu zauna a kansu tare. Ki gaishe min da 'yata, Allah Ya raya su, Ya haɗa kanku.